Wa Zai Tsare Bayan Madugu?

A Amurka, da zarar an buga wasan ƙarshe na gasar NFL a watan Fabrairu, sai wata kakar ta kama, kakar musu. Daga nan har ƙarshen Afrilu, lokacin zaɓen sababbin 'yan wasa, babu wasa ko ɗaya, amma shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo ba sa rasa masu bugo waya, kowa da dabararsa ta yadda ƙungiyarsu za ta toshe ɓarakar da ta bayyana bara. A garuruwa da dama, musun da ya fi ɗaukar zafi a kan wani ƙato ake yin sa, mutumin da zai iya shekara goma yana wasa bai taɓa rugawa da ƙwallo ba, wanda mai sharhi bai cika ambatar sunansa ba sai in ya yi laifi. Gurbinsa shi ake kira takul na hagu, kuma a 2025 albashin gwanayen wurin ya kai dala miliyan 28 a shekara.

Wasan nan ya sha bamban da tamaular da muka saba, ya fi kusa da zari-ruga. Kowane ɓangare na da mutum 11 a fili, ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, kuma da hannu ake sarrafa ta. Tsawon filin yadi 100 ne, ban da farfajiyar cin maki a kowane ƙarshe. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta matsa gaba yadi 10. In ta yi, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kowace dama daga tsaye ake fara ta: a yi sahu ana fuskantar juna, a miƙa ƙwallo, a gwabza na 'yan daƙiƙoƙi, a tsaya, a sake sahu. Wanda ake miƙa wa ƙwallon shi ne kwatabak, madugun tawaga. Ko ya damƙa ta ga mai gudu, ko ya ja da baya ya nemi wanda zai jefa wa. A wannan zamani jifa ce ke cin wasa, don haka ƙungiyar da ta dace da madugu nagari ta sami dukiya, abokan karawarta kuwa burinsu ɗaya ne: su cim masa kafin ƙwallo ta bar hannunsa.

Tsakaninsa da su akwai katanga ta mutum biyar. Na tsakiya shi ke miƙo ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Dama da hagunsa akwai gadi biyu, sannan a ƙarshen sahun ta kowane gefe akwai takul. Ukun da ke ciki a matsatsi suke faɗa, kafaɗa da kafaɗa, in ɗaya ya yi tuntuɓe na kusa da shi ya tallafe shi. Na gefe kuwa, kafaɗarsa ɗaya tana kallon fili ne fetal, kuma ta nan ake turo maharin da ya fi kowa zafin nama.

To me ya sa hagu ya fi dama daraja? Mai karatu ya miƙe ya gwada jifa da hannun dama. Zai ga ƙafar hagu ta shige gaba, ƙirji ya juya dama, baya ya koma hagu. Haka madugu ke tsayawa yana neman wanda zai jefa wa. Maharin da ya taso masa daga dama yana ganinsa, zai iya gocewa, ko ya yar da ƙwallon, ko aƙalla ya ƙanƙame jikinsa. Wanda ya biyo ta hagu kuwa sai dai ya ji saukarsa. Mutum mai kilo ɗari da 'yan kai ya taho a guje ya daki wanda bai shirya ba: a nan ne ƙwallo ke suɓucewa, a nan ne ake karya haƙarƙari da kafaɗa. Ga bahago irin Tua Tagovailoa lissafin juyawa yake yi, amma bahagwai a wannan gurbi ƙalilan ne.

Aikin takul ɗin kansa ya fi ƙarfin tunanin mai kallo. Da baya-da-baya yake tafiya, yana jan ƙafa cikin sauri don ya riga maharin isa kwanar da zai karyo, alhali shi maharin gaba yake kallo, ya san inda za shi, kuma galibi ya fi shi rashin nauyi da kilo 20 ko 30. In takul ya yi saurin buɗewa waje, mahari ya kutsa ta ciki. In ya tsare ciki, a zagaye shi ta waje. In ya tsaya cak yana jiran ya ga wanne za a yi, a dako ƙirjinsa a tura shi har kan madugun. An yarda ya tura da tafin hannu, ba a yarda ya riƙe ko ya ja ba, in ya yi a mayar da ƙungiyarsa baya yadi 10. In ya motsa kafin a miƙa ƙwallo, yadi 5. Abin da ake nema wurinsa shi ne daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku, sau 35 ko 40 a wasa ɗaya. In ya yi nasara sau 37 ya faɗi sau 3, an ce ranar ba tasa ba ce. Shi kuma maharin, ukun nan sun ishe shi zama gwarzon mako.

Jikin da zai iya wannan aiki ba kowa Allah ya ba. Ana son tsawo na kusan mita biyu, nauyi kilo 140 zuwa 150, dogayen hannuwa don ya taɓa mahari kafin mahari ya taɓa shi, sannan ƙafafu marasa nauyi irin na ɗan kwando. Masu girman suna da yawa, masu saurin ma suna da yawa, amma waɗanda suka haɗa biyun ba su ishi ƙungiyoyi 32 ba. Shi ya sa ake auna hannun matasa da inci kafin a ɗauke su. A 2025 an shafe makonni ana ja-in-ja kan Will Campbell na jami'ar LSU, saboda hannunsa ya gaza inci 33 da ɗan kaɗan a awon da aka yi masa. Wasu suka ce a tura shi ciki ya zama gadi. Ƙungiyar Patriots ba ta saurare su ba, ta ɗauke shi a matsayi na 4 a zaɓen shekarar.

Gurbin bai sami wannan martaba ba sai daga baya. A 1978 hukumar gasar ta sauya dokoki don a ƙara yawan jifa: aka ba 'yan katanga damar miƙe hannu su buɗe tafi, aka kuma takaita yadda masu tsaron baya ke tare masu karɓar jifa. Jifa ta yawaita, farautar madugu ta zama sana'a. Sai ga Lawrence Taylor ya shigo ƙungiyar Giants a 1981, mai gudu da ƙarfin da ba a saba gani a jiki ɗaya ba, kuma ta bayan madugu ya fi son biyowa. A daren 18 ga Nuwamban 1985, ana nuna wasa kai tsaye a talabijin, ya faɗa kan Joe Theismann, madugun Washington, ƙafar Theismann ta karye har ƙashi ya huda fata. Bai sake wasa ba. A daren, takul na hagu na Washington, Joe Jacoby, yana gefe yana jinya. Da aka buɗe kasuwar 'yan wasa a 1993, kuɗi suka nuna darasin da masu ƙungiyoyi suka ɗauka. Littafin Michael Lewis na 2006, The Blind Side, da fim ɗin da aka yi da shi a 2009, su suka kai labarin ga waɗanda ba su taɓa kallon wasan ba.

A nan ne mai bin ƙwallon Turai zai tambaya: in haka ne, me zai hana ƙungiya mai kuɗi ta je ta sayo gwanin kawai? A NFL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga hannun wata ƙungiya, kuma kowa yana ƙarƙashin iyakar albashi guda. Tun 1994 ake da wannan iyaka. A 2024 dala miliyan 255.4 ce, a 2025 ta koma 279.2, kuma daga cikinta za a biya 'yan wasa 53. In ka ba mutum ɗaya miliyan 28, kashi ɗaya cikin goma ya tafi. Hanyoyin da suka rage huɗu ne: ka ɗauko matashi daga jami'a a zaɓen da ake yi kowane Afrilu, ka sa hannu da wanda kwantiraginsa ya ƙare, ka yi musaya da wata ƙungiya, ko ka ɗauko ɗaya daga cikin naka ka matsar da shi. Duk musun magoya baya a kan huɗun nan yake yawo. Kuma babu ƙungiyar da ta fi Kansas City Chiefs dacewa da misali, domin cikin 'yan shekaru ta ɗanɗana kowanne.

Sun fara da zaɓe. Zaɓen zagaye bakwai ne, kuma wanda ya fi kowa shan kashi bara shi ke fara ɗauka. Chiefs sun ci wasa 2 kacal a 2012, don haka suka sami na ɗaya a 2013, suka ɗauki Eric Fisher. Shekarunsa na farko sun yi wuya, magoya baya suka yi ta cewa an yi asara. A hankali ya daidaita, kuma shi ke tsaye bayan madugunsu Patrick Mahomes lokacin da suka ɗauki kofi a Fabrairun 2020. Masu son wannan hanya hujjarsu ta kuɗi ce: tun yarjejeniyar da masu ƙungiyoyi suka yi da 'yan wasa a 2011 an ƙayyade albashin sababbi, ɗan zagayen farko zai yi maka shekara huɗu da araha, da zaɓin ta biyar. Suna kuma lissafo Anthony Muñoz, Jonathan Ogden, Orlando Pace da Walter Jones, manyan gurbin da duk aka ɗauka cikin shidan farko. Masu adawa su ma suna da nasu jerin: Tony Mandarich a 1989, Luke Joeckel a 2013, Greg Robinson a 2014, kowannensu na biyu a zaɓen shekararsa, babu wanda ya cika burin da aka ɗora masa. Dalili ɗaya shi ne wasan jami'a ya bambanta, madugu kan saki ƙwallo da wuri, maharan ba su kai na manya wayo ba. Wani dalilin kuma, yarjejeniyar 2011 ɗin ta rage yawan atisayen da ake gwabzawa da sulke, wato ta rage ainihin wurin da ɗan katanga ke koyon aikinsa.

A Janairun 2021, a wasan kusa da na ƙarshe, jijiyar agarar Fisher ta tsinke. Takul na dama, Mitchell Schwartz, dama yana jinyar baya. Aka tattara abin da ya rage aka shiga wasan ƙarshe, wato Super Bowl, da Tampa Bay ranar 7 ga Fabrairu. Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, an matsa masa lamba sau 29, ƙungiyar ta tashi ba ta shiga farfajiya ko sau ɗaya ba. An tashi 31 da 9.

Bayan wannan dare babu mai haƙurin jiran matashi. A watan Maris aka sallami Fisher da Schwartz, a Afrilu aka yi musaya da Baltimore Ravens aka karɓo Orlando Brown. Labarinsa yana nuna yadda 'yan wasan kansu ke kallon gefen biyu. A dama yake wasa a Baltimore, ya riƙe hagu na ɗan lokaci da mai gurbin ya ji rauni, daga nan ya ce shi ba zai koma ba. Mahaifinsa, wanda ya yi wasa a dama a zamaninsa, ya so ɗansa ya zama na hagu. Chiefs suka ba da zaɓensu na zagayen farko da wasu uku, aka haɗo musu da na zagaye na biyu. Brown ya yi musu shekara biyu, kuma a wasan ƙarshe na Fabrairun 2023 da suka doke Eagles 38 da 35, ba a kayar da Mahomes ko sau ɗaya ba. Wata guda bayan haka ya tafi Cincinnati a kan dala miliyan 64 na shekara huɗu, saboda ba a daidaita kan kuɗi ba.

Wannan ita ce illar musaya: sau biyu ake biya. Ka ba da zaɓen da zai kawo maka matashi mai araha, sannan ka biya albashin gwani, kuma wakilinsa ya san ba za ka so ka yi asarar biyun ba. Houston ta ba Miami zaɓen zagayen farko guda biyu da na zagaye na biyu guda ɗaya a cinikin da ya kawo mata Laremy Tunsil a 2019, shekara na zagayowa ta ba shi miliyan 66 na shekara uku. Akwai waɗanda suka tsinci dami a kala. San Francisco ta sami Trent Williams a 2020 da zaɓen zagaye na biyar da na uku kawai. Amma hakan ya yiwu ne don ya ɓata da Washington har ya ƙi buga kakar 2019 baki ɗaya. Ba a gina shiri a kan fatan wani zai ɓata da ubangidansa.

Hanya ta uku ita ce kasuwa, kuma ita ce magoya baya suka fi so don da ido ake ganin sakamakonta. Sai dai tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: me ya sa ƙungiyarsa ta bar shi ya fito kasuwa? Wanda ya kai gwani yana kan ganiyarsa, tun kafin kwantiraginsa ya ƙare ake ɗaure shi. Abin da ke fitowa galibi tsoho ne, ko mai tarihin rauni, ko matsakaici da zai karɓi kuɗin gwani don masu nema sun fi kaya yawa. Giants sun ba Nate Solder miliyan 62 a 2018, ba su ga abin da suka biya ba. Rams kuwa sun ɗauki Andrew Whitworth a 2017 yana da shekara 35, ya tsaya musu har ya ɗauki kofi yana da 40. Chiefs sun bi tsakiya a 2023: suka ɗauko Donovan Smith na shekara ɗaya. Bai burge ba, amma ya wadatar, suka sake cin kofi a Fabrairun 2024.

Kakar 2024 ce ta fi koyarwa. Smith ya tafi, aka ɗauki Kingsley Suamataia a zagaye na biyu, ɗan shekara 21, aka ba shi gurbin tun wasan farko. A wasa na biyu Trey Hendrickson na Cincinnati ya wahalar da shi har aka cire shi ana tsakar wasa. Aka gwada Wanya Morris. A Nuwamba aka ɗauko D.J. Humphries da ke murmurewa daga raunin gwiwa, ya sake jin ciwo a wasansa na farko. A Disamba mai horarwa Andy Reid ya ɗauki hanya ta huɗu: ya cire Joe Thuney daga gadi na hagu, inda yake cikin fitattun gasar, ya fitar da shi gefe.

Magoya baya da yawa suna ɗaukar wannan abu mai sauƙi, ai katanga katanga ce. 'Yan wasan kansu kan ce sauya gefe tamkar a ce wa mai ci da dama ya koma ci da hagu ne: ƙafar da ke gaba ta koma baya, hannun da ke duka ya koma na tarewa, duk abin da jiki ya haddace sai an sake shi. Fita daga ciki zuwa gefe ya ma fi haka, domin an rabu da matsatsi an shiga fili. Akan dace. Tristan Wirfs na Tampa Bay ya koma hagu daga dama a 2023, kuma ya shiga jerin gwarzayen gasa a duka gefen biyu. Thuney ma ya yi abin yabo, ya riƙe wurin har suka kai wasan ƙarshe. Amma gurbin da ya bari wani ɗan benci aka sa, wuri ɗaya mai rauni ya zama biyu. Ranar 9 ga Fabrairun 2025 Eagles ba su ƙara mahari ko ɗaya a kan huɗun da suka saba turawa ba, duk da haka suka kayar da Mahomes sau 6. Da mutum huɗu sun isa, sauran bakwai sai suka koma baya suka rufe duk wanda za a jefa wa. An je hutun rabin lokaci 24 da 0, aka tashi 40 da 22, burin cin kofi uku a jere ya wargaje.

Wanda ya tsaya a takul na hagu na Eagles a wannan dare shi ne abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk labarin. Jordan Mailata ɗan Ostireliya ne, ɗan zari-ruga, bai taɓa buga ƙwallon Amurka ba lokacin da Eagles suka ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2018, na 233 a jeri. Abin da suka gani jiki ne: tsawo fiye da mita biyu, nauyi fiye da kilo 150, ga gudu. Suka miƙa shi ga mai horar da katangarsu, Jeff Stoutland, ya shekara biyu bai buga wasan gasa ba. A 2019 ma sun ɗauki wani a zagayen farko, Andre Dillard, don wannan gurbin, amma Mailata ne ya ƙwace shi. Ta shirin da gasar ta buɗe wa 'yan ƙasashen waje ya shigo, shirin da ya kai ɗan Najeriya Chukwuebuka Godrick ƙungiyar Chiefs a 2023, shi ma a matsayin takul. Magoya baya kan yi musu a kan sunan ɗan wasa, ba kasafai suke tambayar wa zai koyar da shi ba, alhali albashin mai horarwa ba ya cikin iyakar da aka ƙayyade.

Akwai kuma masu cewa duk abin an zuzuta shi, kuma ba su rasa gaskiya ba. Joe Thomas ya yi wa Cleveland wasa daga 2007 zuwa 2017, ya buga dama 10,363 a jere bai fita ba, yana cikin mafi ƙwarewar da aka taɓa gani, amma bai taɓa buga wasan zagayen fitar da gwani ba ko sau ɗaya. Mutum ɗaya ba ya zama katanga. Masu tsara tsaro ma sun daina tura gwaninsu ta hagu kawai: T.J. Watt na Pittsburgh ta gefen takul na dama yake yawan biyowa, shi ya sa Detroit ta bar Penei Sewell a dama ta kuma ba shi miliyan 112 na shekara huɗu a 2024. Ana iya rufa wa mai rauni asiri kuma, a sa wani ya taya shi, ko madugu ya riƙa sakin ƙwallo da wuri. Sai dai duk wanda ya tsaya taya shi, mai karɓar jifa ɗaya ne aka rasa, kuma jifar wuri gajera ce. Dabarar takan kai ƙungiya ta ci wasa 15 cikin 17, kamar yadda Chiefs suka yi a 2024. Ranar da aka haɗu da mahara huɗu da babu rago a cikinsu, sai asiri ya tonu.

Ga kuma ƙullin da tsarin gasar ya yi wa ƙungiya mai nasara. Gwanayen takul a goman farko na zaɓe suke ƙarewa, mai zuwa wasan ƙarshe kuwa na 31 ko na 32 yake ɗauka. Madugunta yana cin kaso mafi girma na albashi. Wato wadda ta fi kowa buƙatar mai tsaron baya ita ce ta fi kowa ƙarancin hanyar samunsa. Manajan Chiefs, Brett Veach, ya warware ƙullin a 2025 da abu uku. Ya tura Thuney Chicago don ya rage nauyin albashi. Ya ba Jaylon Moore, wanda yake ɗan bencin Trent Williams a San Francisco, miliyan 30 na shekara biyu. Sannan a matsayi na 32 ya ɗauki Josh Simmons na Ohio State, matashin da bai faɗo ƙasa haka ba sai don jijiyar gwiwarsa ta tsinke a Oktoban 2024. Simmons ne ya fara kakar 2025 a gurbin, sai ƙorafi ya tashi: ina dalilin biyan ɗan benci miliyan 15 a shekara?

A nawa ganin, wannan ne karo na farko tun bayan Fisher da suka bi abin ta hanyarsa. Kuskuren 2024 bai tsaya ga ɗaukar Suamataia ba, wanda daga baya aka mayar da shi gadi. Kuskuren shi ne an jingina lafiyar Mahomes a kan yaro ba tare da gogagge a kusa ba, da abin ya ƙi sai aka shiga faci a tsakiyar kaka, lokacin da kasuwa ta watse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ko gwanin da aka riga aka samu ba tabbas ba ne: Chargers sun ba Rashawn Slater miliyan 114 a ƙarshen Yulin 2025, kafin mako biyu gwiwarsa ta tsinke a atisaye, kakar ta wuce shi. Abin da ya rage musu zafi shi ne sun ɗauki Joe Alt a matsayi na 5 shekara guda kafin haka, suka matsar da shi hagu, gefen da ya saba tun yana jami'a. Ƙungiyar da ke da madugu irin Mahomes mutum biyu take buƙata a wannan gurbi, wanda zai iya yau da wanda ake renonsa don gobe, kuma kuɗin na biyun ba ɓarna ba ne. Magoya bayan da ke neman a raba gardama da suna ɗaya, ko "a ɗauko yaro" ko "a sayo gwani", suna neman arahar da tsarin gasar bai tanada ba. Su kuma masu yanke wa matashi hukunci bayan wasa biyu, su tuna an yi wa Fisher haka.

Mai karatu da ya sami damar kallon wasan nan a talabijin, ya gwada cire idonsa daga kan ƙwallo na 'yan damammaki. Ya nemi ƙaton da ke ƙarshen sahu ta hagun madugu, lambar rigarsa tana tsakanin 50 da 79, ya kalli takunsa biyu na farko. In ya riga mahari isa kwana kuma ƙirjinsa na fuskantarsa, madugu zai sami daƙiƙoƙinsa uku. In kafaɗarsa ta juya tun da wuri, mai kallo zai riga madugun sanin abin da ke tafe.